Ba Kowane Kuskure Ne Darasi Ba: Sharhi a Kan Binciken Koci Wooden

In kana bi ta gefen filin ƙwallon unguwa bayan la'asar, ka san abin da zan faɗa. An turo wa yaro ɗan shekara goma sha biyu fasin, ya je tarewa, ƙwallon ta zille masa ta fita waje. Sai ka ji usur. Koci ya tsayar da wasa, ya tara yara ashirin a tsakiyar fili, ya shiga bayani. Kwanakin baya na tsaya a wani fili kusa da gidanmu ina duba agogon wayata, sai da aka kusa cinye minti huɗu ana magana a kan tarewa ɗaya. Yaron da ya yi kuskuren kansa a sunkuye, sauran suna tonon ƙasa da takalma, gola ya jingina da tirke. Da aka ci gaba da wasa ƙwallo ta sake zuwa wurin yaron, ko yunƙurin tarewa bai yi ba, sheme ta ya yi gaba don ya rabu da ita.

Da za ka tambayi kocin nan dalili, cewa zai yi da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Kuma ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba. A fagen horar da masu horarwa ana yawan maganar abin da za mu kira damar koyarwa, wato ɗan lokacin da wani abu ya faru a fili, kuskure ne ko bajinta, wanda in koci ya yi magana a daidai nan, maganar za ta zauna a kan ɗan wasa. Ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambato idan ana wannan zance shi ne wanda aka yi a kan John Wooden, kocin ƙwallon kwando na Amurka, shekara hamsin da suka wuce.

Binciken nan nake son mu duba tare. Ra'ayina tun daga farko shi ne: aiki ne mai daraja, amma ya ƙirga abin da koci ya faɗa ne kawai. Bai ga dalilin faɗar ba, bai ga wanda aka faɗa wa ba, bai kuma auna ko an koya ba. Wanda ya karanta alƙaluman ya tsaya a nan, zai fito da darasin da ya saɓa wa abin da Wooden ɗin yake yi.

Wane ne Wooden, me kuma aka ƙirga?

John Wooden ya horar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, daga 1948 zuwa 1975. Ya ci kofin jami'o'in Amurka sau 10 a cikin shekara 12, bakwai daga ciki a jere, daga 1967 zuwa 1973. Akwai lokacin da ƙungiyarsa ta yi nasara a wasa 88 a jere. Kafin duk wannan kuwa, malamin Turanci ne a makarantar sakandare, kuma har ya rasu a 2010 yana kallon kansa a matsayin malami.

A kakar wasa ta 1974 zuwa 1975, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Roland Tharp da Ronald Gallimore, suka samu izinin zama a gefen fili lokacin atisaye. Su ba 'yan wasa ba ne, aikinsu a kan koyarwa a makarantu ne, suna son su ga yadda gwanin malami yake yi. Suka tsara rukunai, duk abin da Wooden ya faɗa ko ya nuna sai su jefa shi a rukuninsa. A cikin kimanin sa'a 30 na atisaye suka ƙirga ayyukan koyarwa 2,326. In ka raba, duk bayan kamar daƙiƙa 46 mutumin ya faɗi wani abu ko ya nuna wani abu. Sun wallafa sakamakon a mujallar Psychology Today a 1976. Ashe ma kakar ce ta ƙarshe gare shi: ya ci kofinsa na goma ya yi ritaya.

Ga abin da suka samu. Kashi 50.3 cikin ɗari umarni ne zalla, yi kaza, ga yadda ake yi. Kashi 12.7 zaburarwa ce, a ƙara sauri, a ƙara ƙaimi. Yabo kashi 6.9 ne kacal, faɗa kuma kashi 6.6. Sai wani salo da ya kai kashi 8, wanda suka raɗa wa sunan shi kansa Wooden: ya nuna rashin jin daɗinsa a taƙaice, nan take kuma ya sake koyar da abin. Yakan nuna yadda ake yi daidai, ya kwaikwayi yadda ɗan wasan ya yi, ya sake nuna daidai ɗin, duk a cikin daƙiƙu kaɗan. Idan aka haɗa komai, kusan kashi 75 na abin da yake yi bayani ne a kan aikin da ake ciki.

Abin da binciken ya yi daidai

A ba su haƙƙinsu. Kafin wannan aiki, yawancin abin da ake faɗa a kan manyan masu horarwa labari ne: wane yana da kwarjini, wane ya iya magana. Tharp da Gallimore suka ce a'a, a zauna a ƙirga. Sun kuma samu abin da ba su zata ba. Sun zo da tunanin cewa gwanin malami mai yawan yabo ne, sai suka tarar yabo da faɗa gaba ɗaya ba su kai kashi 14 ba. Mai binciken da ya rubuta abin da ya ci karo da tunaninsa ya cancanci a yaba masa.

Akwai kuma wani abu da suka lura da shi wanda masu ambaton binciken suka fi mantawa: da wuya maganar Wooden ta wuce daƙiƙa 20. Babu lacca, babu dogon wa'azi. Ka ga ke nan kocin unguwarmu da minti huɗunsa ba zai iya fakewa da Wooden ba. Minti huɗu daƙiƙa 240 ne, wato ninki 12 na mafi tsawon maganar da Wooden ya saba yi.

To amma daga nan ne matsalolin suke farawa.

Matsala ta farko: mutum ɗaya ne, kuma an zaɓe shi ne don ya riga ya ci

Ka yi tunanin ka je gonar da ta fi kowace albarka a ƙauye, ka rubuta duk abin da manomin yake yi, sannan ka ce wannan ne sirrin. Ƙila kuwa gonar tasa fadama ce. Ba ka duba manoman da suke yin irin nasa amma ba su samu ba, balle waɗanda suke yin daban suka samu.

Haka abin yake a nan. Koci ɗaya, kaka ɗaya, babu wanda aka kwatanta shi da shi. 'Yan wasan da ke zuwa UCLA a zamanin nan zaɓaɓɓu ne daga duk faɗin Amurka. A hannun Wooden Kareem Abdul-Jabbar da Bill Walton suka yi wasa. Sannan kar ka manta, sai da ya yi kaka 15 a UCLA bai ci kofin ƙasa ba, sai a 1964. Daga alƙaluman kaka ɗaya ba yadda za ka iya raba gudummawar salon maganarsa da ta 'yan wasan da yake da su. Kuma abin da ya dace da saurayi ɗan shekara ashirin da ya shekara goma yana buga wasa, ba dole ba ne ya dace da yaron da bai gama koyon tare ƙwallo ba.

Matsala ta biyu: ƙirgen bai ga abin da aka yi kafin a shigo fili ba

Wannan sukar ba tawa ba ce ma, su da kansu suka yi ta. A 2004 Gallimore da Tharp suka koma kan aikin nasu a mujallar The Sport Psychologist, bayan sun samu tattaunawa da Wooden, abin da ba su yi ba a karon farko. Suka yarda cewa babban abu ya wuce su.

Ashe kowace safiya Wooden yakan zauna da mataimakansa kusan sa'a biyu suna tsara atisayen ranar, wanda shi kansa wani lokaci bai kai sa'a biyun ba. Yana rubuta tsarin a 'yan ƙananan katuna da yake riƙewa a fili, minti nawa za a yi a kan me, wane ɗan wasa ne ke buƙatar me. Yana kuma ajiye bayanan atisayen shekarun baya yana komawa yana dubawa.

Ka ga wannan ya sauya fassarar alƙaluman gaba ɗaya. Mai kallo daga gefe zai ɗauka ido ne kawai Wooden yake da shi, da kuskure ya faru sai ya cafke. Alhali tun da safe ya san abin da zai sa wa ido, ya kuma tsara atisayen yadda abin zai bayyana. Damar koyarwar ba daga sama ta faɗo ba, tarko ya ɗana mata. Kocin da ya shigo fili bai san abin da yake son koyarwa yau ba, kowane kuskure girmansu ɗaya a idonsa, shi ya sa yake busa usur a kan kowanne.

Haka ma batun yabo. Teburin ya ce kashi 6.9, amma bai ce ga wa ba. Wooden ya bayyana daga baya cewa da gangan ya fi karkata yabonsa ga 'yan benci, tunda taurarin suna samun nasu daga 'yan kallo da jaridu. Swen Nater, wanda ya yi zaman benci a bayan Bill Walton, daga baya ma ya rubuta littafi tare da Gallimore a kan koyarwar Wooden, ya yi bayanin cewa gyaran da ake yi musu yana zuwa da mafita ne, ba hukunci kawai ba, kuma a kan aikin ake magana ba a kan mutum ba. Duk wannan ba ya fitowa a ƙirge.

Matsala ta uku: babu wanda ya auna koyo

Wannan ce ta fi damuna a matsayina na ɗalibin kimiyya. Akwai bambanci tsakanin yadda mutum ya yi a lokacin atisaye da abin da ya rage a jikinsa gobe ko jibi. Masu binciken yadda jiki ke koyon motsi sun daɗe da sanin cewa waɗannan biyun suna iya rabuwa.

A 1984 Salmoni da Schmidt da Walter suka kawo wani ra'ayi da zan kira ra'ayin ɗan jagora. Gyaran da ake yi maka bayan kowane yunƙuri kamar ɗan jagora ne: muddin yana riƙe da sandar tafiya tana kyau, amma in kullum shi ke ja, ba za ka taɓa haddace hanyar ba. A 1990 Winstein da Schmidt suka gwada wannan a ɗakin gwaji. Mutane suna koyon wani motsi na hannu, wasu ana gaya musu sakamako bayan kowane yunƙuri, wasu kuma a rabin yunƙurin kawai, ana rage musu a hankali. Da aka dawo da su daga baya aka gwada, waɗanda aka rage wa bayanin sun fi riƙe abin.

Kafin ka ruga ka ce ashe shiru ne magani, dakata. A 2022 Brad McKay da abokan aikinsa suka tattara gomman gwaje-gwaje irin wannan suka sake auna su a dunƙule, sai suka ga hujjar ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Sakamakon ya sha bamban daga gwaji zuwa gwaji, kuma yawanci mutanen da aka gwada ba su da yawa. Don haka ba wanda zai iya ce maka ka yi gyara sau kaza a minti. Abin da ya tsaya daram shi ne wancan bambancin: ganin yaro ya gyara nan take bayan ka yi magana ba shaida ba ce cewa ya koya. Binciken Wooden kuwa ko gyaran nan take ɗin bai auna ba, bakin koci kawai ya bi.

Me ya sa faɗa yake kama da yana aiki?

Za ka iya cewa, ai masu horarwa suna gani da idonsu, in suka daka wa yaro tsawa yana gyarawa. Wannan maganar an taɓa faɗa wa Daniel Kahneman, masanin da ya samu kyautar Nobel a 2002, lokacin da yake koyar da malaman tuƙin jirgin sama na sojan Isra'ila. Ya ce musu yabo ya fi horo amfani wajen koyo. Wani gogaggen malami ya ce shi dai abin da ya gani daban ne: in ya yabi ɗalibi, yunƙurinsa na gaba yakan lalace, in ya yi masa faɗa kuma yakan gyaru.

Abin da malamin ya gani gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Kowane yunƙuri haɗin iyawa ne da sa'a. Ɗauki ɗan wasan da a fasin goma, bakwai suna isa inda ya nufa. In ya ba da wani mummunan fasin, na gaba mai yiwuwa ya fi shi kyau, ko ka yi magana ko ka yi shiru, don kawai ya koma yadda ya saba. In ya yi wata bajinta ta fitar hankali, ta gaba da wuya ta kai ta. Masana lissafi suna kiran wannan komawa ga matsakaici. Kahneman ya nuna musu a aikace: ya sa suka juya baya suna jefa kwabo zuwa wata alama a ƙasa sau biyu. Yawancin waɗanda suka fi dacewa a jifan farko sun yi ƙasa a na biyu, waɗanda suka fi kaucewa kuma sun matso, ba tare da an yabi kowa ko an yi wa kowa faɗa ba.

Ka ga tarkon? Koci yana faɗa ne a daidai lokacin da abu ya fi lalacewa, wato lokacin da dama gyaruwa ce za ta biyo baya. Kullum fili yana ba shi shaidar ƙarya cewa tsawarsa ce ta yi aiki.

Abin da ake asara

In da ɓata minti huɗu ne kawai, da sauƙi. Ronald Smith da Frank Smoll na Jami'ar Washington sun shafe shekaru suna bin masu horar da yara a wasan besbol, wanda ake dukan ƙwallo da sanda. Tun a ƙarshen shekarun 1970 suka gano cewa yadda masu horarwa suke kwatanta halinsu a fili bai cika dacewa da abin da masu lura suka rubuta ba, yaran ma sun fi su faɗin daidai. Sai suka tsara wani horo na 'yan sa'o'i: a ƙarfafa wa yaro gwiwa bayan kuskure, a ba shi gyara a kan aikin, a bar wulaƙanci. A wani bincike da aka wallafa a 1992, kashi 5 ne kawai na yaran da ke hannun waɗanda aka horar suka bar wasan a kaka ta gaba. A ɗaya ɓangaren kuwa kashi 26 ne.

Wato yaro ɗaya cikin huɗu bai dawo ba. Yaron da ya daina zuwa fili kuwa, babu sauran wata damar koyarwa a kansa.

To me ya rage a hannunmu?

Ban ce a jefar da binciken Wooden ba. A karanta shi tare da gyaran da masu shi suka yi a 2004, a kuma san iyakarsa: hoton mutum ɗaya ne, ba dokar koyarwa ba. In aka karanta shi haka, abin da yake nunawa shi ne gane damar koyarwa zaɓi ne, kuma yawancin aikin zaɓin ana yin sa ne kafin a busa usur na farko.

In kai koci ne, ko malamin motsa jiki a makaranta, ga tambayoyi uku da a ganina suka fito daga duk wannan. Kuskuren nan yana da alaƙa da abin da na shirya koyarwa yau? Ya maimaitu ne, ko sau ɗaya ne wanda zai gyara kansa? Sannan yaron ya san ya yi kuskuren? In ya riga ya sani, kamar yaron da ƙwallo ta zille wa a gaban kowa, sanar da shi ba koyarwa ba ce. Abin da bai sani ba shi ne mafita, ita kuma takan shiga jimla ɗaya: sassauta ƙafar, ka tarbi ƙwallon da cikinta. Ana iya faɗa masa wannan a gefe wasa yana tafiya, ba sai an tsayar da mutum ashirin ba.

Akwai kuma abin da za ka iya ara kai tsaye daga Tharp da Gallimore, ba ka kashe ko sisi ba. Ka ba wani abokinka takarda da biro ya zauna a gefen fili na rabin sa'a. Ya ja layi huɗu: gyara mai mafita, yabo, faɗa, da tsayar da wasa. Duk abin da ka yi ya sa alama, ya kuma rubuta sunan wanda ka faɗa wa, abin da teburin 1976 bai nuna ba. In binciken Smith da Smoll ya yi daidai a kanka, abin da za ka gani a takardar ba shi ne abin da kake zato ba.

Shi kuwa yaron nan na filin unguwarmu, na sake bi ta wurin bayan kwana biyu na hango shi. Yana zuwa har yanzu. Sai dai na lura ya koyi tsayawa a inda fasin ba zai same shi ba. Darasi dai ya shiga, amma ba wanda kocin ya yi niyya ba.